Dangar Katakon Babanku

Na san abin da kuke ji game da babanku. Duk bikin da aka taru, sai baffanku Hamidan ya ɗauko labarin dangar katako, ya ɗora tafin hannu a fuska yana leƙe ta tsakanin yatsu, mutane suna riƙe ciki don dariya. Ku ma kuna yi, ina ganinku, sai dai taku dariyar ta dole ce. Kun tashi kuna ɗauka cewa ubanku wani mai girman kai ne da ya je Abijan ya kwaso wauta, da ta ƙi shi ya tsere ya bar mu. Hamidan bai yi ƙarya ba, amma rabi yake faɗa, rabin da ke ba da dariya. Sauran yana wurina, kuma tunda ƙafa ta fara ƙin kai ni ko ƙofar gida, gara in ajiye muku shi tun ina iya tuna shi daidai.

Babanku ya tafi Abijan tun babban yayanku yana rarrafe. Can ya koyi aikin katako a hannun wani patoro, wato ubangidan aiki, da ke kewaye gidajen masu hali na bakin ruwa da danga. Sai ya yi shekara biyu, wani lokaci fiye, kafin ya leƙo mu, ya yi ƴan makonni ya koma. Sau ɗaya na taɓa bin shi. Na tafi da tsaraba irin tamu, kantun gishirin Bilma da dabino da sabuwar jakar fata da uwata ta ɗinka mini. Ban daɗe ba gishirin ya fara zubar da ruwa shi kaɗai a kusurwar ɗaki, dabinon ya yi tsami, jakar kuwa ta fito da wata irin furfura kore-kore. Zanen da na shanya da safe, da yamma da danshinsa nake kwashe shi. Ni da na tashi a garin da kafin ka shanya na ƙarshe na farko ya bushe, sai na ji kamar a cikin tukunyar dambu aka ajiye ni. Abu ɗaya ya burge ni a garin nan. Wata rana ya ja ni zuwa wata unguwa, ya tsaya gaban wata doguwar danga ja-ja-ja, katako jere da katako, babu inda ido zai shiga. Ya ce da hannunsa ya yi ta. Sunan itacen sedir, gara ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi, ga ƙamshi kamar an turara. Na shafa, na shinshina, na ce lallai ta yi kyau, amma ni a mayar da ni Agadas kafin ni ma in yi furfurar jaka.

Na dawo na zauna da Inna, kakarku, a gidan nan. Ku ƙananan ba ku san ta sosai ba. Matar malami ce, tun da aka kawo ta gidan tana yarinya babu baƙon namijin da ya taɓa ganin kanta babu ɗankwali. Ba ta zuwa kasuwa, biki ma sai na jini. Duniyarta duka tsakar gida ce. A gindin katangar da ke bakin hanya take alwala, a nan take saƙar kaba, a nan take kwance kitso ta sha iska idan rana ta yi sanyi. Ba ta taɓa cewa an tsare ta ba, kuma kar ku ce mata haka ko a mafarki. Ita a wurinta katangar nan sutura ce, daidai da zanen da ke jikinta.

Shekarar da nake son ba ku labari, damina ta zo da ƙarfin da ba mu saba gani ba. Ƙoramar Telwa ta cika ta tumbatsa, ruwa ya kwana a lungunan unguwa, da gari ya waye katangarmu ta bakin hanya ta zauna gaba ɗayanta. Muna tsaye a ƙofar ɗaki muna kallon masu wucewa, su ma suna kallonmu. Kafin azahar maƙwabta sun kakkafa mana zana na wucin gadi, kuma Baba Ibra magini, wanda gidansa ke jikin namu, ya aiko cewa da ƙasa ta tsane za a yi mana gayya. Haka ake yi a unguwarmu. Maza su kwaɓa ƙasa su buga tubali, mu mata mu dafa, kafin ka ankara katanga ta tashi, babu wanda zai ce ka ba shi komai. Sai ga saƙon babanku ta waya, cewa kar a ɗora ko tubali ɗaya, yana nan tafe da katako. Hamidan ne ya kai wa Baba Ibra maganar, ina jin su daga cikin zaure.

“Katako?” in ji tsohon. Sannan ya ce, “To, Allah shi kawo shi lahiya. Mu dai ƙasa munka sani.”

Bai ƙara ba, amma na san an ɓata masa. Wanda ya mayar da gayya, a idon mutanen unguwa cewa ya yi ba ya bukatarsu. Babanku bai nufi haka ba. Ya daɗe a garin da kowa ke biyan mai aiki ya rufe ƙofarsa, har ya manta nauyin abin.

Ranar da kamiyo, wato babbar motar kaya, ya iso da babanku bai iya shiga lungunmu ba, sai a bakin babbar hanya aka sauke, aka riƙa shigo da katakon a kafaɗa. Shekara da shekaru yana tara shi guda-guda a bayan shagon patoronsa. Ni ba katakon na tsaya kallo ba. Abin da na gani shi ne an sauko da akwatin kayan aikinsa, da katifarsa, da ƴar tukunyar da yake dafa wa kansa abinci a can. Bai taɓa zuwa da su ba. Na kasa tambaya, sai da ya ci abinci ya wanke hannu ya faɗa da kansa.

“Wanga zuwa ba na komawa ba ne, Tima. In dangar ga ta tsaya, mutanen Agadas za su gani su ba ni aiki. Na gaji da in shigo gidana ɗiyana su ɓuya bayan zanenki.”

Na ce masa Allah ya sa, na tashi na shiga madafa kamar na manta wani abu a wuta. A can na yi kukana na share. Ba na jin kunyar faɗa muku, ina son mijina, kuma na gaji da zama matar mutumin da sai a waya.

Ya fara aiki washegari. Ban taɓa ganinsa yana aikinsa ba sai lokacin, kuma wallahi mutum ne daban. A zaune ba shi da yawan magana, ko shayi ba ya iya zubawa bai ɓarar ba, amma da ya riƙe zarto sai ka ga hannun ya san inda za shi. Ya haƙa ramuka, ya kafa dirkoki da siminti, ya gicciya sanduna, sannan ya fara jera katakon a tsaye. Ƙamshin sedir ya cika unguwa har mata suna aiko a ɗebar musu garin da ke zuba daga zarto su zuba a kasko. Ina kai masa ruwa sai na lura da wani abu. Duk katakon da zai buga, sai ya sa ƙusa guda a tsakaninsa da na kusa da shi, ya buga, sannan ya zare ƙusar, ya bar ƴar siririyar kafa. Ko dubawa ba ya yi, hannun ne ke yi shi kaɗai. Na ce masa mene ne amfanin danga mai kafa.

“Katako shina numfashi,” ya ce. “In ya sha danshi kumbura yake. In ka matse su, sai su ture juna danga ta karkace. Wanda duk bai bar wurin ƙusa ba, patoro korar shi yake a ranar.”

Na gyaɗa kai, na ɗauki kwanona na koma. Ni da gishirina ya narke a gabana a Abijan, ni da na san zane a nan ba ya minti yake bushewa, ban tsaya na ce masa to a Agadas ina danshin yake ba. Shi ma da aka haife shi a garin nan bai tambayi kansa ba. Damina ba ta gama tafiya ba a lokacin, iska da sauran laushinta, katakon kuma bai daɗe da barin bakin teku ba, cike yake da ruwan can. Kafar ba ta wuce kaurin ƙusa ba, sai ka manna ido za ka ga wani abu, kuma wa zai manna ido a dangar gidan malami.

Da ya gama, mutane har daga wasu unguwanni suke zuwa kallo. Wani mai otel ɗin ƴan yawon buɗe ido ya tsaya da motarsa, ya ƙwanƙwasa dangar, ya ce zai so irinta a lambunsa. Wani alhaji mai kamiyoyi ma ya aiko. Inna ba ta yaba ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, amma ta sa aka mayar mata da tabarmarta gindin dangar, ta zauna ta ci gaba da saƙa. Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aurena, ban ɓoye muku ba. Babanku yana kwana gida yana tashi gida. Ya gyara duk ƙofar da ke kuka, ya yi wa Inna ƴar kujerar alwala, yaran suka daina gudunsa har suna hawa wuyansa. Ke Zainabu, a watannin nan na samu cikinki.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara shigowa. Da tsakar rana, lokacin da gari ya yi tsit, sai mu riƙa jin ƙas, ƙas, daga jikin dangar, kamar ana karya tsinke. Babanku ya ce katako ne ke zama. Wata safiya ina shara na ga layin rana siriri a ƙasa, sannan wani, sannan wani, tsakar gida duk ta yi zane-zane. Na sa ɗan yatsana a kafar, ya shige. Kafin bazara ta kankama, wasu wuraren yatsa biyu ke shiga, wasu katakan sun tsage daga inda ƙusa ta kama su. Iskar Agadas ta tsotse ruwan Abijan tas, kowane katako ya tsuke ya ja jikinsa, wurin ƙusar da aka bar masa don ya kumbura ya zama taga. Wanda ke tsaye ba ya ganin da yawa. Amma mai tafiya, idan yana wucewa kafofin suna gilmawa a idonsa, sai ya ga tsakar gida ɗungurungum, ko bai yi niyya ba. Dangar kuma ta ɗauki tsawon gidan duka, babu kusurwar da za ka fake.

Maƙwabciyata Mariyama ce ta fara faɗa mini, wai da wasa.

“Jiya taliya kunka ci, ko ba ki sammana ba? Kuma zanen nan naki mai ruwan ganye ya koɗe, ki bar ɗaura shi.”

Na ce mata idon da ke ƙirga tukwanen mutane ya yi hattara kar hayaƙi ya shige shi. Muka yi dariya, ta fita. Daga ranar na fara yafa mayafi a cikin gidana, ina daka da mayafi, ina wanki da mayafi, ga ciki ga zafi. Mai otel ya aiko cewa a dakata tukuna. Alhajin ko aike bai yi ba. A majalisar shayi Hamidan ya fara wasan yatsun nan nasa, kuma waɗanda aka mayar wa gayya suka samu abin da suke jira. Ban ga laifinsu sosai ba, amma na ji zafinsu.

Inna kuwa, ranar da ta ɗaga kai ta ga idon wani mai jaki ya gilma, ta naɗe tabarmarta da kanta ta shige ɗaki. Ba ta sake fitowa ba sai da asuba, ta zaga ta koma. Alwala a ɗaki, abinci a ɗaki, saƙa a ɗaki cikin duhu. Kun san ɗakin, wanda yanzu kuke ajiye buhuna, tagarsa ba ta fi tafin hannu ba. Kun kuma san bazarar garin nan, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa.

Kar ku ɗauka babanku bai damu ba. Ya rame ya yi baƙi. Hamidan ya ce ya samo ƴan filankai ya rufe kafofin, amma sedir ya ƙare, na kasuwa kuma farin katako ne da gara ke cinyewa, kuma duk inda ya gwada buga ƙusa busasshen katakon sai ya dare. Sai ya koma ba dangar ruwa. Da asuba zai tare mai garuwa, ya ɗauki gwangwani yana bi yana kwarara wa katako ɗaya bayan ɗaya, da yamma ya sake. A garin da ake wanke shinkafa a ba akuya ruwan, mijina yana shayar da itacen da ya mutu. Kafofin sukan ɗan tsuke na ɗan lokaci, rana na ɗagawa su buɗe fiye da da. Wannan ne wurin da Hamidan ya fi sa mutane dariya. Ni da na gan shi da idona, tsugune, yana shafa katakon yana motsa baki, ban taɓa jin abin dariya a ciki ba.

Na sami babanku a zaure na ce a bari in rataya tabarmi ta ciki. Ya ɗago ya dube ni kamar na mare shi.

“Ta waje za a gan su, Tima. Duk wanda ya wuce zai ga tabarma cikin kafa, ya ce matarshi ma ta sallama. Daga ranar ko kujera babu mai ba ni in gyara. Ki ba ni zuwa damina. Ruwan farko in ya sauka za ta haɗe, na rantse miki. In sunka ga ta haɗe, sai in san dabarar da zan yi ma rani.”

“Inna fa?”

“Zan roƙe ta ta ƙara haƙuri.”

Bai roƙe ta ba, don tsakaninsu babu irin wannan maganar, gaisuwa ce daga bakin ƙofa kansa a ƙasa. Ni kuma na ba shi lokaci, saboda na san abin da ke kan dangar nan. Idan ta faɗi a idon gari, zamansa ya faɗi. Na riƙa duban gabas kowace yamma ko zan ga hadari, alhali na san da saura.

Wata ranar Alhamis na kai wa Inna fura da azahar, na yi sallama ba ta amsa ba. Na same ta a kife a kan tabarma, kabar tana hannunta, jikinta zafi kamar garwashi kuma babu ɗigon gumi. Na ƙwala wa Mariyama kira, muka jiƙa zannuwa muka lulluɓe ta, muna fifita muna ɗura mata ruwa da cokali. Babanku yana kasuwa neman aiki. Da ta farfaɗo ta gane inda take, abin da ta fara yi shi ne ta kama hannuna.

“Kar ki hwaɗa mishi. Ɗaki ya ishe ni, ɗiyata. Saura kaɗan ruwa shi zo.”

Ashe duk ta sani. Tana cikin ɗakin nan tana gasuwa, tana taya ɗanta jiran damina. A nan na yanke shawarata, kuma ban nemi ta kowa ba. Na san idan na tambaye shi zai ce in ƙara kwana kaɗan, idan na faɗa masa abin da ya faru zai rataya tabarmin da hannunsa ya kuma tsani kansa har ya mutu. Na ga gara abin ya fito daga hannuna.

Washegari da maza suka tafi masallacin Juma'a, na fito da duk tabarmin da ke gidan, har da waɗanda Inna ta saƙa ta ajiye don auren jikoki. Mariyama ta kawo nata, matar Baba Ibra ta shigo da igiya da basilla ba tare da an kira ta ba. Babu wadda ta yi wasa ranar, har Mariyama. Muka bi dangar daga wannan kai zuwa wancan muna ɗaurewa a jikin sanduna, zane-zanen hasken ranar nan yana ɓacewa daga ƙasa kaɗan-kaɗan, har tsakar gida ta koma inuwa guda. Na cire mayafina na rataye. Sannan na shiga na kamo Inna, na zaunar da ita a wurinta, na kwance mata ɗankwali iska ta taɓa kanta.

Na ji takun babanku ya tsaya a waje. Ya daɗe a tsaye, tare da mutanen da suka taso masallaci, kowa yana ganin abin da yake gani. Da ya shigo ban gudu madafa ba, na tsaya ina jiran faɗa. Bai dube ni ba. Uwarsa ya gani, a fili, cikin hasken rana, karo na farko tun shigowar zafi. Wuyanta ya zama kamar na tsuntsu, awarwaron da ke hannunta ya zamo har gwiwar hannu. A bakin ƙofa cikin duhu yake gaishe ta kullum, bai san haka ta koma ba. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe kamar yadda ta saba. Ya tashi ya je jikin dangar, ya taɓa ɗaurin igiyar ɗaya, ya ja ya ji ƙarfinsa.

“Kin ɗaure da kyau,” ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da na zauna rubutawa. Ba dariyar majalisa ce ta kori babanku ba, ya sha ta wata da watanni yana nan. Abin da ya gani a jikin uwarsa ne ya kasa zama da shi. Bayan ƴan kwanaki na ga ya fito da akwatin kayan aiki yana shafa musu mai. Na roƙe shi, ban bar komai ba. Na ce ya yi tebura, ya yi ƙofofi, ya bi Baba Ibra ya koyi ƙasa, mu ci gero da ruwa. Ya ce babu mai ba shi aiki a garin nan yanzu, ga ciki, ga yara, ga tsohuwa da ke bukatar abinci mai kyau. Kafin ya tafi ya shiga gidan Baba Ibra ya ba shi haƙuri a kan gayya, tsohon ya rako shi har bakin hanya yana riƙe da hannunsa. Na tsaya a zaure ina kallo aka ɗora katifar a kan kamiyo. Ban yi nadamar tabarmin ba, ko yau aka mayar da ni ranar zan sake ɗaurawa. Amma na san abin da na biya, kuma na daɗe ina jin haushin kowa, har da Inna da ba ta yi mini komai ba.

Bai yi wata da tafiya ba hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwa mai kyau, aka sake, aka sake. Ƙamshin sedir ya tashi kamar ranar da aka kafa shi. Tabarmin suka jiƙe suka yi nauyi, na ce bari in kwance su in shanya kar su ruɓe. Da na sauke ta farko sai na tsaya da ita a hannu. Babu layin rana. Na sa ɗan yatsa, ya ƙi shiga. Na bi dangar duka ina kwancewa ina gwadawa, ta koma yadda ya bar ta ranar da ya gama, sai ƴan wuraren da suka tsage. Inna ta taso da sandarta, ta bi katakon da tafin hannu tun daga zaure har ƙarshe, ta dawo ta zauna. Ta ce in je in gaya masa.

Na yafa mayafi da tsohon cikina na tafi shagon waya. Sai da aka kira shagon patoronsa aka je aka nemo shi. Ina jin ƙarar zarto a bayansa, da ruwan sama yana dukan rufi.

“Ta haɗe,” na ce. “Kamar yadda ka hwaɗi. Ko yatsa ba ya shiga.”

Abin da ya fara tambaya shi ne:

“Inna tana hitowa?”

“Tana waje yanzu haka, tana saƙa. Ka dawo mana. Kowa ya gani, har mai otel ya tsaya jiya.”

“Wata biyu ne, Tima. Ruwa na ɗaukewa za ta buɗe.” Na ji ya ja numfashi. “Na yi ta tunani tun da na zo. Ko yau anka ba ni katako a Agadas, sai na sa ƙusar nan kafin in tuna. Hannuna na Abijan ne. Ni ne na Agadas, shi ko ya ƙi.”

Na ce to ni fa, da abin da ke cikina. Ya ce zai zo suna, kuma ya zo, ya yi makonninsa ya koma. Haka ya ci gaba da zuwa yana komawa har shekarar da aka bugo mana waya cewa an binne shi a can. Amma ranar, a shagon nan, ina tsaye mai shago yana kallon agogo, abin da ya faɗa mini na ƙarshe kafin a yanke shi ne:

“Kar ki jira sai ta buɗe bana. Da kin ji iska ta juya, ki rataya tabarmin.”